Hannu a Kan Gwiwar Direba

Aikina a fim shi ne in kwanta inda ba a ganina in ji abin da kowa yake faɗa, shi ya sa suke ce min Kunne. A wannan fim ɗin wurin kwanciyata ƙasan kujerar baya ne na wata tsohuwar mota ruwan toka, kaina a jikin ƙofa, ƙafafuna a naɗe, na'urar ɗaukar sauti a kan cikina, abin sauraro a kunnena. In aka faɗa rami ni ce ta farko da ke sani. Har yau in na shaƙi warin fetur da tsohon kafet sai ƙuguna ya amsa.

Labarin fim ɗin ba shi da wuya. Ƙawaye biyu ne da suka manyanta, ɗaya ta ɗauko mota ta ce wa ɗayar ta shigo ta kai ta wurin ɗanta da ya daɗe bai waiwayi gida ba. Sai tafiya, sai faɗa, sai dariya, taya ta yi faci, su ɓata hanya, su shirya. Irin fim ɗin nan dai da rabinsa a cikin mota ake yin sa. Tun ranar farko ma'aikata suka ajiye sunayen 'yan wasan biyu aka koma Anti Direba da Anti Fasinja, su ma suka karɓa har suna tsokanar juna da shi.

A zahiri ma ƙawaye ne, tun suna 'yan mata suke wannan sana'a tare. Anti Direba doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma duk wanda ya daɗe a harkar da tuƙi ya san ta. Tun zamanin da ake kwaso 'yan wasa a motar haya, ita da kanta take fakawa ta fito tana kaɗa makulli. Ta yi shekaru ba wanda ya kira ta ko da fitowar uwar wani ce, sai ga wannan fim da aka rubuta musamman dominta. Anti Fasinja kuwa gajera ce, bakinta ba ya hutawa, ga tsiwa, ga neman magana. In ta shigo wuri sai ta gyara wa kowa zama, har Darakta, wanda take kira ɗana duk da gemun da yake ta lallaɓawa.

Yadda muke aikin, ana ɗaure kyamara a kan bonet tana kallon su ta gilashi, daga ƙirji zuwa sama kawai take ɗauka. Darakta da mai kyamara suna biye da mu a bas suna kallon ɗan talabijin, in yana da magana sai ya yi ta oba-oba da ke hannuna. Mu uku ne ke nan a cikin motar, mata zalla. Kowacce a cikinsu na liƙa mata ɗan ƙaramin makirfo a cikin riga, saitin ƙirji, don haka hatta haɗiyar yawunsu a kunnena take sauka.

Abin da ya fara hana ni sakat wata 'yar ƙara ce, ƙas-ƙas, kamar ana goga yadi da farce. Ana cikin magana mai daɗi sai ta shigo ta ɓata min sauti. Na canza salatif, na canza makirfo, na yi wa mai kula da kaya masifa a kan siket ɗin da ta ba Anti Direba, har na sa aka zare ledar kujera, amma ƙarar tana nan. Ni kuma ina da wani hali, in akwai ƙarar da ban san daga ina take ba ko abinci ba na jin daɗinsa. Na lura dai ba ta zuwa sai mota na tafiya, kuma ta fi yawa in mun doshi kwana.

Wata rana da hantsi na gaji, na murguɗa wuyana na leƙa ta tsakanin kujerun gaba. Sai na ga hannun Anti Fasinja a kan gwiwar Anti Direba, can ƙasa inda kyamara ba ta kaiwa. A sama tana dariya tana faɗin maganganunta na fim, a ƙasa yatsunta suna aiki. In ta ja yadin gefe sai sitiyari ya bi, in ta danna gwiwar sai in ji an taka birki, in ta sassauta sai mota ta miƙe. Na kalli abin nan har muka wuce wata babbar mota da ta lalace a gefen titi. Tun daga nesa hannun ya fara jan yadin, ita kuwa mai tuƙin ba ta ko juya ido wajen motar ba sai da muka zo dab da ita.

Daga nan abubuwa suka yi ta dawo min. Kullum da safe Anti Fasinja ce ke karanta wa Anti Direba maganganunta da ƙarfi, wai ta fi riƙewa in ta ji da kunne. Kullum tare suke sauka daga bas, hannu cikin hannu, ana yi musu dariya ana cewa sun ƙi fita daga fim. Ga kuma wani kallo da Anti Direba take yi, ta ɗan karkatar da kai ta dubi mutum ta gefen ido, wanda Darakta yake ta yabawa, yana cewa kallon macen da duniya ta koya wa hankali ne, kada ta canza shi.

Da aka tsaya shan shayi a wani gidan mai, na ce su zo bayan gini in canza musu batir. Sai da na kashe na'urar na nuna musu na kashe, sannan na tambayi Anti Direba yatsu nawa na ɗaga. Anti Fasinja ce ta taso min, wai ni wace ce, yaushe aka haife ni, in tsaya a aikina na sauraron gulma. Ni ma raina a ɓace yake, na ce mata ni ce a kwance a ƙasan mota ko bel babu, in aka yi karo ni za a fara tattarawa, don haka ina da bakin magana.

Anti Direba ta dafa ƙawarta ta ce ta bar ni, gaskiyata ce. Ta gaya min a hankali cewa tsakiyar abin da take kallo ne yake ɓacewa, kamar an shafa mai a gilashi, gefe-gefe ne kawai ya rage mata. Manyan launuka tana gane su, amma in rana ta haske ta kai tsaye komai fari yake komawa. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire. Ko 'yarta ba ta gaya wa ba.

“Kin san harkar nan, Kunne,” ta ce. “Yau aka ji, gobe an ba wata motar, ni kuma shi ke nan, ba mai sake kirana. Ba wani abu nake nema ba, so nake in ƙarasa wannan ɗin da hannuna a kan sitiyari.”

Anti Fasinja ta sauko daga faɗan ta koma lallashi. Ta ce ai yawancin titunan da muke bi an tare mana su, gudunmu bai fi na keke ba, kuma saura kaɗan a gama. Ta ce shekarun da suka yi tare, in ta yi tari ƙawarta ta san me take nufi, balle ta taɓa ta. Na so in ce a'a. Na tsaya da batir a hannu ina kallon doguwar matar nan da na taso ina gani a talabijin, tana kallon gefen kunnena don ta samu ta ga fuskata, sai tausayinta ya kama ni har na ji haushin kaina. Na ce su ɗaga riga in gama aikina, mutane na jira.

Haka na zama ta uku. Na samo wani tattausan ƙyalle na shimfiɗa mata a gwiwa, ƙarar ta mutu. In na ji alamar titi ya cika sai in danna oba-oba in ce akwai ƙarar babur, a dakata. Babura nawa na ƙirƙira a makon nan, Allah kaɗai ya sani, har mai kyamara ya fara cewa kunnena ya fi na kowa tsegumi. Amma hankalina bai taɓa kwanciya ba. Da an ce mu je, sai in ji bugun zuciyar Anti Direba a makirfo, dum-dum, a ƙarƙashin muryarta mai sanyi, tawa ma ta kama. Na daina cin abincin rana don kada ya dawo. In an tsaya hutu ba na iya zama, sai in yi ta zagaya motar ina taɓa tayoyi kamar wata makanike.

Duk wannan fargabar ashe somin taɓi ce, don babu wadda ta tsaya ta yi tunanin ƙarshen fim ɗin a cikinmu, ko kuma kowacce ta yi ta ture tunanin gefe. A ƙarshe ƙawayen rabuwa suke yi. Fasinja za ta sauka a wata mararraba da jakarta, ta tsaya a bakin titi, Direba ta ja mota ita kaɗai ta nufi faɗuwar rana. Ban san me ya sa masu rubuta irin waɗannan finafinan ba sa iya barin mata biyu su koma gida tare ba, dole sai an raba su a kan hanya kafin a yarda labari ya yi daɗi.

Ranar da za a ɗauka, tun azahar Anti Fasinja ta tasa Darakta a gaba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin macen da za ta ajiye ƙawarta a mararraba ta juya ba, ko ruwa ba ta shiga ta sha ba. Ta ce a bar su su tafi tare, ko a ɗora motar a kan babbar mota a ja, ko a yanke fim ɗin tun daga rufe ƙofa. Yaron nan ba mugu ba ne, amma ya ƙwallafa rai a kan hoton motar nan tana shiga rana, ya ce saboda shi ya yi fim ɗin gaba ɗaya. Ya ce mata, Anti, labari ne fa, kuma yau ne kaɗai aka ba su titin. Da ta matsa sai ya fara kallonta da alamar tambaya, dole ta ja bakinta ta yi shiru.

Anti Direba ce ta kashe maganar, ta ce za ta yi, ai hanyar miƙaƙƙiya ce. Miƙaƙƙiya ce kam, na je na taka ta da ƙafata. Sai dai akwai kwata mai zurfi hagu da dama, a gaba kuma titin ya ɗan hau tudu ya tsuke a kan wata 'yar gada. Aka cire kyamara daga bonet aka ɗaure ta a kujerar baya, tana kallon titi ta saman kafaɗar Anti Direba. Ke nan ko gashin kaina na ɗaga sai ya fito a hoto. Na kwanta a ƙarƙashinta, ba na ganin komai sai rufin mota.

Ɗaukar farko, Anti Fasinja ta sauka ta rufe ƙofa, injin yana ta kaɗawa, mota ba ta motsa ba. Darakta ya yi ta cewa mu je, mu je. Na danna oba-oba na ce batir ne ya mutu, laifina ne. Ya ja tsaki ya ce in yi sauri rana na tafiya. A ta biyu motar ta tashi, ba mu yi nisa ba na ji taya ta bar kwalta ta hau tsakuwa, aka taka birki har na'ura ta buge min haɓa. Anti Direba ta ce a gaya masa takalminta ne ya zame. Da aka dawo da motar baya na raɗa mata cewa ta haƙura haka, ni na ji tsoro. Ta ce min in yi shiru in kwanta.

A ta uku, na ji an rufe ƙofa, na ji takun Anti Fasinja. Amma maimakon ya tsaya a tsakuwar gefen titi, sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin takalminta a kan kwalta. Sai ga muryarta ƙasa-ƙasa a kunnena, don ta san ni kaɗai ke jin makirfonta.

“Kunne, ina tsakiyar titi. Gaya mata ta bi rigata.”

Rigar rawaya ce shar, wadda mai kula da kaya ta zaɓa don ta fito a hoto. Na raɗa wa Anti Direba saƙon. Sai na ji ta saki birki. Motar ta fara tafiya a hankali, daidai tafiyar mace mai ɗauke da jaka. Oba-oba ta ɗauki ihun Darakta yana tambayar me matar nan take yi a cikin hotonsa, na murɗe ƙarar na tura ta ƙarƙashin cinyata. A kunnena na hagu numfashin mai tafiya, a na dama bugun zuciyar mai tuƙi. Anti Fasinja tana tafe tana mita, wai ga ta da ciwon gwiwa an mai da ita fitilar mota, in an gama sai an biya ta kuɗin tausa. Tayoyi suna kan kwalta sumul. Har na fara cewa a raina ashe za mu tsira.

Sai na ji gaban motar ya ɗaga, mun fara hawa tudun. Haske ya cika rufin motar fal, har ni da ke ƙasa sai da na runtse ido.

“Ta ɓace,” Anti Direba ta ce. “Kunne, ba na ganin ta.”

Ba ta tsaya ba, ina jin tsoron kada motar ta koma baya a kan tudun ne ya sa ta ƙara taka totur kaɗan. Ni ban ga komai ba, ji na yi. Ƙarar injinmu ta fara fitowa ta makirfon Anti Fasinja, tana ƙaruwa, tana ƙaruwa, har ta rufe numfashinta. Makirfo ɗan mitsitsi da ke cikin riga ba ya ɗaukar inji haka sai in injin yana bayan mai rigar. Na ƙwalla ƙara na ce birki.

Motar ta tsaya cak. Kafin ta tsaya na ji wani ɗan tim a gaba, da ƙarar jaka ta faɗi. Daga nan shiru, sai injin. Anti Direba ba ta motsa ba, hannayenta na kan sitiyari, muryarta ta fito kamar ba tata ba.

“Na taka ta?”

Na danna abin sauraro a kunnena da hannu biyu. Sai na ji nishi, sai na ji tsaki, sai ashar ƙasa-ƙasa irin wanda ban taɓa zaton bakin babbar mace zai iya ba.

“Tana da rai, Anti. Zagin ki take yi.”

Na tashi zaune, hoto ya lalace ko kada ya lalace. Anti Fasinja ta miƙe daga gaban bonet tana karkaɗe riga, tana ɗingishi. Bamba ce ta ture ta ta faɗi a kan hannayenta. Ta zagayo wajen tagar direba, ta ɓoye tafukanta a baya, tana murmushi saboda mutanen bas da ke hango ta. Na zaro oba-oba na buɗe ƙarar, na shirya jin masifa.

Ba masifa ba ce. Muryar Darakta har rawa take yi don murna. Ya ce shi bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, mace tana tafe ƙawarta na bin ta da mota ta kasa wuce ta, wannan ya fi abin da ya rubuta nesa ba kusa ba. Daga inda suke bai ga faɗuwar da kyau ba, ya ɗauka tuntuɓe ta yi. Ya ce ihuna da kaina ne kawai suka ɓata ƙarshen, a koma baya a sake sau ɗaya tak kafin rana ta faɗi, daga nan an gama fim.

Na kalli Anti Fasinja, ta kalle ni. Asiri a rufe yake, ba wanda ya gane komai, ɗauka ɗaya ce ta rage tsakanin Anti Direba da abin da ta zo nema. Anti Fasinja ta sunkuyo ta taga tana magana da sauri, ta ce ba abin da ta ji, ƙwarzane ne kawai, wannan karon za ta ba da tazara sosai, in an zo tudun Kunne za ta ƙirga mata, a yi a gama. Ni ma, Allah ya sani, na buɗe baki zan ce zan iya, don yanzu na san ƙarar da zan saurara.

Anti Direba ta murɗa makulli ta kashe motar. Ta miƙo hannu baya ba tare da ta juyo ba, ta ce in ba ta oba-oba. Na riƙe ta ban ba ta ba, sai da ta sake cewa, Kunne, ba ni. Na ɗora mata yatsa a kan maɓallin.

“Ɗana, kana ji na? Ba za a sake ba. Ba na ganin hanya. Tun ranar farko ba na gani, ita ce take gani min.”

Ta saki maɓallin ta ajiye oba-obar a kan kujerar da babu kowa. Can sai na ji an buɗe ƙofar bas, mutane sun fara sakkowa.

Anti Fasinja ta fashe da kuka, tana kuka tana faɗa, wai tsohuwar banza kin kashe kanki, saura ƙiris fa, duk wahalar da muka sha. Anti Direba ta buɗe ƙofa ta fito, ta laluba ta kamo kafaɗarta, ta bi hannun har ƙasa ta janyo tafukan da take ɓoyewa. Ta kai su kusa da fuskarta ta karkata kai, ba ta ga komai ba, sai ta shiga shafa su a hankali da yatsa, tana tsince tsakuwar da ta shige cikin fatar.

“Yi min shiru haka,” ta ce. “Kunne, kawo ruwa.”